Macijiyar da Ba Ta Cewa Ta Ƙoshi

A watan Afrilun 1977 wani maciji ya mutu a gidan ajiye namun daji na birnin Filadelfiya da ke Amurka, yana da shekara 40 da wata 3. Masu kula da shi suna kiransa Popeye, jinsinsa kuwa shi ne wanda masana suka raɗa wa suna Boa constrictor, wato bowa, dangin mesa da ke nahiyar Amurka. Shekarunsa sun zarce na saura nesa ba kusa ba, shi ya sa har yau ake ambatonsa. Amma ko bowa ta gama-gari, idan ta samu kyakkyawan riƙo, shekara 20 zuwa 30 ake sa mata rai. Saurayin da ya sayo jaririyarta yau yana iya aurar da 'yarsa ta fari macijiyar tana nan kwance a akwatinta. Da yawa daga cikin waɗanda ake kiwo a gidaje ba sa kaiwa ko kusa da haka. Idan kuma likitan dabbobi ya buɗe cikin wadda ta mutu da sauran ƙuruciyarta, abin da yakan tarar sau da yawa shi ne kitse: dunƙule-dunƙulensa sun cika cikin sun danne kayan ciki, hanta ta kumbura ta koɗe ta koma ruwan ɗorawa. Mai ita bai taɓa barinta da yunwa ba ko sau ɗaya, kuma daga nan matsalar ta faro.

Ga wanda ya tashi inda ganin maciji ke nufin a rarumo sanda, batun kiwonsa a ɗaka kamar almara ne. A Amurka da Birtaniya da Jamus kuwa sana'a ce mai kasuwarta da shagunanta, har da masu kiwon ɓeraye domin sayar wa masu macizai. A garin Hamm na Jamus ana cin wata babbar kasuwar dabbobi masu jan ciki fiye da sau ɗaya a shekara, ana zuwa mata daga ƙasashen Turai daban-daban. Afirka ta Yamma ma da hannunta a cinikin, domin daga Gana da Togo da Binin ake fitar da wata ƙaramar mesa mai dunƙulewa kamar ƙwallo, wadda ta cika shagunan can. Ko ya dace tun farko a tsare maciji a akwati, wannan muhawara ce mai zaman kanta. Amma da zarar ya shigo gida ya zama amana, kuma kowace loma da zai haɗiya har ƙarshen ransa hannun mutum ɗaya ne zai miƙa masa ita. Dabbar da ba ta da ikon fita nema, ba ta kuma da ikon gudun abin da aka ba ta, alhakin ƙibarta duka yana wuyan mai miƙawa.

Bowa ba ta da dafi. Mazauninta ya faro daga arewacin Meziko, ya ratsa Amurka ta Tsakiya, ya gangara har Ajantina. Wadda aka fi samu a shaguna ita ce ta Kolombiya da Amurka ta Tsakiya, wadda masana suka ware yanzu da suna Boa imperator. Tsawonta kan kai mita 2 ko ɗan fiye, mace ta fi namiji girma da kauri. Ta bambanta da mesa da abu ɗaya da ke da muhimmanci ga batun ƙiba: mesa ƙwai take sakawa, bowa kuwa haihuwa take yi, 'ya'ya 20 ko 30 a ciki ɗaya ba abin mamaki ba ne. Farautarta ta kwanton ɓauna ce. Takan sami bakin ramin wata dabba ko reshen bishiya ta lafe, kwana da kwanaki, tana jiran ɓera ko tsuntsu ko ƙadangare ko jemage ya gitta. Wani lokaci ya gitta, wani lokaci mako ya bi mako babu komai.

Jikin da aka gina domin irin wannan jira ba ya kashe kuɗi kamar na sauran dabbobin gida. Kyanwa da kare da ɗan Adam suna ƙona yawancin abin da suka ci ne domin su ɗumama jininsu, dare da rana, ko suna barci. Maciji ba ya biyan wannan haraji. Zafin jikinsa daga rana ko daga ƙasa mai ɗumi yake aro shi. Saboda haka abin da yake bukata domin ya rayu bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na abin da dabba mai shayarwa mai nauyinsa take bukata ba, sau da yawa ma ƙasa da haka. Bowa mai kilo 8 da kare mai kilo 8 suna iya zama a gida ɗaya, amma wanda ya auna cikin ɗaya da mudun ɗayan ya tafka kuskure tun daga tushe. Abin da karen zai cinye cikin 'yan kwanaki ya ishi macijiyar wata guda.

Akwai abin da ya fi wannan ban mamaki, kuma shi ne ya kamata duk mai kiwon bowa ya sani kafin ya sayi ɓeransa na farko. A shekarun 1990 wasu masana biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis, Stephen Secor da Jared Diamond (wanda duniya ta fi saninsa da littattafansa na tarihin al'ummomi), suka duƙufa kan abin da ke faruwa a cikin mesar Bama bayan ta haɗiyi abinci. Sun gano cewa tsakanin ci da ci, hanjin macijiyar a kashe yake kamar injin niƙan da aka zare wa wuta. Tumbinta ba ya fitar da ruwan tsamin da ke narkar da nama, hanjinta ya motse, ya sirance. Da zarar abinci ya shiga, sai komai ya tashi gaba ɗaya. Cikin kwana guda ruwan tumbi ya koma tsami mai narkar da ƙashi. Ƙaramin hanji ya kumbura har nauyinsa ya kusa ninkawa. Hanta da ƙoda su ƙaru. Iskar oksijin da jiki ke sha ta haura ninki goma sha, kuma bayan ƙaton abinci sun auna ta ta kai ninki 44 na lokacin hutu, abin da ko dokin sukuwa da ƙyar yake kaiwa, shi ma na 'yan mintoci, ita kuwa kwanaki take yi a haka tana kwance ko motsi ba ta yi. Kusan sulusin ƙarfin da ke cikin abincin a wajen narkar da shi yake tafiya. Wani bincike na 2005 ya ba da rahoton cewa har tsokar zuciya tana ƙaruwa da kashi 40 cikin ɗari a kwana biyu, ko da yake waɗanda suka sake gwadawa daga baya ba duka suka ga hakan ba. Idan an gama narkarwa, bayan mako ɗaya ko kwana goma, sai komai ya sake motsewa, a koma jira.

Masanan ba su tsaya kan mesa ba. A wani nazari da suka wallafa a 2000 sun kwatanta macizan da ke ci akai-akai a daji, masu yawon farauta, da waɗanda ke daɗewa ba su ci ba. Masu ci akai-akai hanjinsu a kunne yake kullum, canjin da ke samunsa bayan ci kaɗan ne. Masu jira kuwa su ne masu kashewa da kunnawa, kuma bowa tana cikin wannan rukuni. Ma'anar wannan a fili take: hutun da ke tsakanin ci biyu wani yanki ne na lafiyar bowa, kamar yadda barci yake ga ɗan Adam. Wanda ke ba babbar bowa ɓera duk ranar Asabar yana tura mata sabon kaya ne tun ba ta sauke na baya ba. Injin da aka ƙera domin ya yi aiki mako guda ya huta makonni, an mai da shi mai aiki shekara da shekaru babu tsayawa, rarar da ba ta da inda za ta kuma sai ta koma kitse.

To me ya sa mutane masu hankali, masu son dabbarsu, suke faɗawa wannan rami? Dalili na farko yana wajen macijiyar. Bowa mai lafiya da wuya ta ƙi abinci. Dabbar da kakanninta ba su san ranar da za su sake samu ba, ba ta gaji ɗabi'ar cewa ta ƙoshi ba. Wadda ta bar ɓera ya wuce don cikinta bai gama saɓewa ba, ba ita ce ta bar zuriya ba. Saboda haka kwana huɗu bayan ta ci, da magariba ta yi za a gan ta ta fito, kai a ɗage, harshe na leƙowa yana komawa, tana bin inuwar duk wanda ya gitta gaban gilashi. Mai ita ya duba ya ce yunwa take ji. Alhali kuwa haka take yi ko da yunwa ko babu. Aikinta ke nan a duniya, tsaron hanya.

Dalili na biyu yana wajen mutumin, kuma ya fi wuyar magani. Kare yana kaɗa wutsiya, kyanwa tana goga jiki, aku yana kiran sunan mai gida. Bowa ba ta yin ko ɗaya. Ana iya shekara goma da ita ba ta nuna alamar ta san wanda ke share mata akwati ba. Lokaci ɗaya tak take amsa wa mutum da dukkan jikinta, shi ne lokacin da aka miƙa mata abinci: saran da ya fi ƙiftawar ido sauri, naɗewa, sannan haɗiyar nan mai ɗaukar hankali. Wanda ke neman shaidar cewa akwai wata alaƙa tsakaninsa da abin da yake kiwo, a nan kaɗai yake samunta, don haka yake son maimaita ta. Ciyarwar ta zama ta biyan bukatar mai ciyarwa. Ƙari a kan haka, kusan kowace al'umma da ta san kiwo ta gaji ido mai ganin ƙiba a matsayin shaidar kulawa. Mai turka ragon layya yana ɗura masa dusa da harawa, yana shafa gadon bayansa yana murna, kuma daidai ne, domin ragon watanni kaɗan suka rage masa, kitsen kuma shi ake nema. Kuskuren shi ne a ɗauko idon mai turka a dubi dabbar da ake so ta yi shekara 30.

Ƙibar maciji kuma ɓoyayya ce. Kitsensa ba a ƙarƙashin fata yake fara taruwa ba. Yana da wasu jerin dunƙulen kitse a cikin ciki, a rabin jiki na baya, kuma su ne ke fara cika. Kafin ido ya ga wani abu a waje, ciki ya riga ya cushe. Ga kuma fitinar kamanni: bowa dama mai kauri ce, ƙibarta sai ta yi kama da ƙarfi. Masu dogon hannu a kiwonta suna da ma'aunin da suke koya wa sababbi, wato a dubi jikin kamar an yanka shi a gicciye. Lafiyayyar bowa siffar burodin kwali gare ta: gefe da gefe a miƙe, baya a ɗan shimfiɗe, tsoka biyu suna bin ƙashin baya, idan an taɓa a ji tauri. Wadda ta rame takan koma kamar dutsen murhu mai kusurwa uku, ƙashin baya ya fito tsororo, fata ta saki. Mai ƙiba kuwa ta zama mulmulalliya kamar taɓarya, idan an danna a ji laushi, ɓawon da ke lulluɓe da fatarta ya rarrabu har ana hango fatar a tsakani ko ba ta ci komai ba. Idan ta naɗe sai a ga ninki-ninki a lanƙwasar, gab da wutsiya jikin ya yi tudu sannan ya yanke ya sirance farat ɗaya, kai kuma ya zama ɗan mitsitsi a kan gangar jikin da ta fi ƙarfinsa. Abin takaici, irin wannan ce ake ɗauka a hoto ana yabawa a Instagram da YouTube, har idon sabon mai kiwo ya saba, ya koma ganin lafiyayyar a matsayin ramammiya.

Abin da ke biyo baya likitocin dabbobi sun san shi sarai. Kitse ya mamaye hanta har ta kasa aikinta. Zuciya da jijiyoyi su wahala. Macen da ta yi ƙiba ta kasa ɗaukar ciki, ko ta zubar da ƙwayayen da ba su zama 'ya'ya ba, ko haihuwar ta tsaya sai an yi mata aiki, aikin kuma ya fi haɗari a jikin da kitse ya toshe. Maciji ba ya kuka, ba ya ɗingishi, ba ya nishi. Yana iya ɗaukar ciwon hanta shekaru yana karɓar ɓeransa kamar kullum, har ranar da za a wayi gari a tarar da shi a sanƙare, mai shi ya rantse cewa jiya lafiyarsa ƙalau.

Ba a kan masu kiwon gida kaɗai laifin ya tsaya ba. Kasuwar ce ta koya musu. A wajen masu hayayyafar bowa domin sayarwa, launi shi ne kuɗi: zabiya, ko mai wani zane da ba a saba gani ba, tana da tsada matuƙa a shekarun farko na fitowarta, sannan farashin ya faɗi yayin da kowa ya samu. Wanda ya riga kai mace girman haihuwa shi ya ci kasuwa. Macen da a bisa ɗabi'a sai ta shekara 4 ko fiye kafin ta isa ɗaukar ciki, sai a riƙa ɗura mata abinci duk bayan 'yan kwanaki domin ta kai da wuri. A lissafin ɗan kasuwa wannan ba hasara ba ce, domin ciki biyu ko uku na farko sun mayar da jari, abin da zai same ta a shekara ta goma kuma ba ya cikin littafinsa. Matsalar ita ce jadawalin ɗan kasuwa shi ne ya gangaro ya zama nasihar da ake ba yaron da ya sayi bowa ɗaya domin sha'awa. Masu sayar da ɓeraye ma suna da nasu kason: mafi girman ɓeran da ke firizarsu galibi tsoho ne da ya gama hayayyafa a keji, kitse ne jibge, kuma shi ne wanda mai babbar bowa ke ganin ya dace da martabarta.

Abin da ya kamata a yi ba shi da wuya, haƙurin yinsa ne mai wuya. Jadawalin da masu kiwo na tsanaki suka tsaya a kansa bayan shekaru na gwaji ya nuna cewa jaririya tana cin ƙaramin ɓera duk bayan kwana 7 zuwa 10, matashiya duk bayan mako biyu, babba kuwa duk bayan mako 3 zuwa 4, wasu manyan ma har mako 6, musamman a watannin sanyi. Girman abincin kada ya wuce kaurin macijiyar a inda ta fi kauri, nauyinsa kuma kada ya haura kusan kashi 10 cikin ɗari na nata. Idan kumburin ciki bai ɓace ba bayan kwana biyu ko uku, an yi yawa. Zomo ƙarami da salwa da ɓera matsakaici sun fi tsohon ɓera mai teɓa, sauya su kuma ya fi kusa da abin da take samu a daji. Amma duk waɗannan lambobi mafari ne kawai. Hukunci na sikeli ne. A auna ta sau ɗaya a wata, bayan ta yi kashi, a rubuta nauyin da kwanan wata da abin da ta ci a littafi. Babbar bowa da ta daina ƙara tsawo amma nauyinta na hawa wata bayan wata, littafin zai tona abin da ido ya kasa gani, tun da sauran lokacin gyara.

Zafi ma yana cikin lissafin abinci, tun da da zafin aro take narkarwa. Ana so gefe ɗaya na akwatin ya kai digiri 30 zuwa 32 a ma'aunin Selshiyas, ɗaya gefen ya tsaya wajen 25, ita ta zaɓi inda za ta kwanta. Abinci mai yawa a akwati mai sanyi ruɓewa yake yi a ciki kafin ya narke, sai ta amayar da shi. Aman maciji ba ƙaramin abu ba ne, yana ƙona maƙogwaro, yana kwashe ruwan jiki, bowa ta Surinam da maƙwabtanta kuma ta yi suna wajen saurin faɗa masa. Idan ya faru, a bar ta mako biyu cur kafin a gwada ɗan ƙarami. Idan ya maimaitu, maganar ta koma ta likita, domin akwai wata cutar ƙwayar bairos da ke addabar bowa wadda amai da rama ke cikin alamunta. Don gudun wannan ne ma ba a ɗaukarta a hannu sai an kwana biyu da cin abinci.

Batun ɓera mai rai kuwa ya kamata a ce an rufe shi tuntuni. Ɓeran da aka daskarar a firiza, aka narkar, aka ɗumama, bowa na karɓarsa ba gardama, shi kuwa mai rai yana iya cizonta a fuska ko ya gaigaye mata baya har ƙashi idan ba ta da niyyar ci a ranar. Masu cewa sai da mai rai take jin daɗin farauta, binciken Scott Boback na Kwalejin Dickinson a jihar Pensilbeniya ya ba su amsa ta gefe. A 2012 shi da ɗalibansa suka sa wata 'yar na'ura mai bugawa kamar zuciya a cikin matattun ɓeraye, suka ga bowa tana ci gaba da matsa muddin tana jin bugun, tana sassautawa idan ya tsaya. A 2015 kuma suka nuna cewa tsayar da gudun jini ne ke kashe abin da ta naɗe, ba shaƙewa ba kamar yadda aka daɗe ana zato. Matsar nan aiki ne mai cin ƙarfi da haɗari wanda take sauke shi da zarar ta samu dama.

Akwai hujjar da ake kawowa a kan duk wannan, kuma ba ta banza ba ce. Ana cewa daji ba abin koyi ba ne. A daji yawancin jarirai ba sa kai shekara, yunwa da tsutsar ciki da shaho suna cinye su. Don me za a kwaikwayi wahalar da dabba ke sha ala tilas a kira ta ɗabi'a? Gaskiya ne, kuma akwai masu fakewa da maganar tsanaki su aikata zalunci na daban. Wasu sukan sayi bowar da za ta kai mita biyu da rabi, ba su da wurin ajiye ta, sai su riƙa ƙuntata mata abinci tun tana ƙarama domin kada ta girma. Wannan tsumburarwa ce, kuma muninta bai gaza na ɗurawa ba. Wanda ke son ƙaramar bowa akwai ta: ta tsibiran Kayos Kochinos da ke gaɓar Honduras ƙarama ce tun asali, haka ma na wasu tsibiran Beliz waɗanda tsuntsaye ne yawancin abincinsu. Yunwa ba ta mai da ta Kolombiya ta zama ta tsibiri. Sai dai amsar hujjar ita ce, abin da ake ɗauka daga daji tazarar ce, ba wahalar ba. Jaririya mai girma a ba ta abin da zai gina ta a hankali, ta yi saɓa a kan kari, ta ƙara tsawo. Babba a bar hanjinta ya huta. Dokar kula da dabbobi ta 2006 da ke aiki a Ingila da Wales ta ɗora wa mai dabba nauyin ba ta abincin da ya dace da ita. Kalmar dacewa ce a dokar, kuma tana kama mai ɗurawa kamar yadda take kama mai hanawa.

Wanda ya farga bowarsa ta riga ta yi ƙiba, kada ya yanke mata abinci gaba ɗaya don huce haushin kansa. Hantar da kitse ya riga ya raunana ba ta son a girgiza ta. A faɗaɗa tazara a hankali, a rage girman abin da ake ba ta, a koma ga marar kitse, a ci gaba da awo, zai fi kyau da sanin likitan da ya san dabbobi masu jan ciki. Jikin da ke ƙona abu kaɗan yana daɗewa kafin ya sauke, watanni da yawa, wani lokaci fiye da shekara. Sannan a dubi akwatin. Yawancin masu ƙiba a wuraren da ba sa iya miƙewa suke zaune, wasu ma a robobi masu kama da aljihun tebur, jere a kan kanta. Ƙungiyar kare dabbobi ta RSPCA a Birtaniya tana ba da shawarar wurin da maciji zai iya miƙewa iya tsawonsa. Bowa tana hawa idan ta samu reshe mai ƙarfi, tana ninƙaya idan ta samu ruwa, tana bin sabon ƙamshi idan an canja mata ganye ko kututture. Mai neman abin da zai riƙa yi wa dabbarsa tsakanin ci da ci, ga aiki nan da ba ya ƙarewa.

Wata rana kuma, ga mamakin mai ita, za ta ƙi ci. Idanunta sun yi fari-fari don saɓa ta gabato, ko namiji ne lokacin barbara ya zo hankalinsa ya tafi wani wuri, ko mace ce mai ciki. A nan ne sabon mai kiwo yakan rikice, ya riƙa kaɗa mata ɓera a hanci kullum, ya canja launi, ya canja girma, har ya fara tunanin buɗe mata baki da ƙarfi. Mai littafi kuwa sai ya ɗora ta a sikeli. Idan nauyin yana nan inda yake, numfashinta ba ƙara, bakinta a tsabtace, jikin da taurinsa, sai ya zubar da ɓeran, domin wanda aka narkar ba a mayar da shi firiza, ya rubuta a shafin ranar cewa ta ƙi, ya ƙirga mako biyu a kalanda ya sa alama.